Ina tsohuwar wayarka take zuwa bayan ka sayi sabuwa?

Da wuya a shiga gidan ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati a biranenmu ba a tarar da wata durowa ko kwali da ya zama makwancin matattun kayan lantarki ba. A ciki akwai waya biyu ko uku da suka daina kawo wuta, da cajojin da igiyoyinsu suka harɗe, da fawabank da ya kumbura, wani lokaci har da kwamfutar hannu da aka ce za a gyara tun shekaru uku da suka wuce.

Mai sha'awar kayan fasaha yakan san ranar da sabuwar waya za ta fito da ƙarfin kyamararta da farashinta a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja. Abin da ba kasafai yake tambaya ba shi ne makomar wadda ya ajiye. Amsar wannan tambaya kuwa ta shafi aljihunsa da asusunsa na banki, ta kuma shafi lafiyar yaran da ke zaune kusa da juji.

Girman tarin

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki. Wannan ya haɗa da duk abin da ke amfani da batir ko ake jona shi da wuta, tun daga waya har zuwa firji. Kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida, kuma an yi hasashen tarin zai kai tan miliyan 82 a shekarar 2030.

Mutumin Turai yana zubar da kimanin kilo 17.6 a shekara, mutumin Afirka kuma kilo 2.5. Sai dai a Turai ana tattara fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan shara a sarrafa ta, a Afirka kuwa abin da ake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Namu tarin ƙarami ne, amma kusan dukansa yana ƙarewa ne a durowa ko a juji ko a cikin wuta.

Me ke kashe waya?

Mafi yawan wayoyin da ake ajiyewa da sauran ransu. Abu uku ne suka fi kai su durowa: batir da gilashi da manhaja.

Batirin wayar zamani na sinadarin litiyom ne, kuma yana tsufa da kowane caji. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta domin ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Wanda ke ƙarar da batirinsa kullum zai cinye wannan adadi cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi.

Babban abokin gabar batir shi ne zafi. Kamfanin ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos yana iya rage ƙarfin batir ragi na dindindin. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota da tsakar rana, ko aka jona ta a caji aka tura ƙarƙashin matashin kai, tana tsufa da saurin da mai ita bai zata ba.

Sai kuma cajar bogi. Caja ta gaskiya tana da kayan da ke daidaita wutar da ke shiga waya, su kuma katse ta idan ta yi yawa. Ta bogi takan rasa wasu daga cikin waɗannan kayan, shi ya sa take da arha. A ƙasar da wutar lantarki ke hawa da sauka, janareta kuma ke karɓar aiki a kowane lokaci, cajar da aka saya don sauƙin farashi tana iya janyo asarar waya sukutum. Araha dai ba ta ado.

Gilashi kuwa labarinsa sananne ne: faɗuwa ɗaya, sai kuɗin gyara ya kusa kai rabin kuɗin wayar, mai ita ya ga gara ya sayi wata.

Mutuwar da ke zuwa ta intanet

Akwai wata mutuwar da ba ta da alama a jikin na'ura. Kamfanonin da ke ƙera waya suna aiko da sabuntawar manhaja ta intanet domin toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Idan kamfani ya daina aiko wa wata waya da wannan sabuntawa, sannu a hankali manhajoji sukan juya mata baya.

A 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. A 2025 kuma ya daina aiki a iPhone 5s da iPhone 6. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar oda da aika hoton kaya ta WhatsApp, wayar da ba ta buɗe manhajar ta mutu ko da gilashinta bai taɓa tsagewa ba. Manhajojin banki ma haka suke yi.

Kwamfutoci sun shiga irin wannan hali a ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 kyauta. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan karɓar Windows 11 ba, kuma irinsu ne suka fi yawa a ofisoshi da shagunan buga takardu.

Saboda haka tsawon lokacin da kamfani ya yi alkawarin kula da waya ya zama abin dubawa kafin a saya. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8, Samsung ma ya yi irinsa ga Galaxy S24. Ƙananan wayoyi masu arha ba su cika samun ko rabin wannan ba.

Dukiya da guba a ƙunshi ɗaya

Cikin kowace waya akwai jan ƙarfe da azurfa da ɗan zinare da bai kai rabin kashi ɗaya cikin goma na giram ba. A batirinta akwai litiyom da kobal, wanda kimanin kashi 70 cikin 100 nasa ake haƙowa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniyar nan ya ƙiyasta darajar ƙarafan da ke cikin sharar lantarki ta 2022 a kan Dala biliyan 91.

Japan ta nuna abin da za a iya yi da wannan dukiya. Lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik ta Tokyo 2020 an ƙera su ne da ƙarafan da aka tace daga tsofaffin kayan lantarki da jama'a suka bayar, ciki har da waya fiye da miliyan shida. An samu kimanin kilo 32 na zinare daga cikinsu.

A gefen wannan dukiya akwai guba. Tsofaffin allunan lantarki da gilasan talabijin mai tozo suna ɗauke da dalma. Wasu fitilu da tsofaffin fuskokin kwamfuta suna ɗauke da zaiba. Robar da ke lulluɓe da wayoyin wuta kuma idan aka ƙona ta tana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu.

Hanyar da waya ke bi a nan gida

A Najeriya matacciyar waya takan fara sauka a hannun mai gyara. Masu gyara na Farm Centre da na Computer Village a Ikeja suna cire duk abin da ke da sauran amfani, su raya wata wayar da shi. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, domin kowace wayar da aka gyara ta hana sayen wata.

Abin da ya rage yakan faɗa hannun 'yan jari-bola. Allunan ciki ana tara su a sayar wa dillalai masu fitar da su waje. Igiyoyin wuta kuma sau da yawa ana cinna musu wuta ne domin roba ta narke, jan ƙarfe ya fito. Hayaƙin yana shiga ƙirjin mai ƙonawa da na maƙwabta, tokar kuma tana kwanciya a ƙasa har ruwan damina ya kwashe ta zuwa kwata da rijiyoyi.

Unguwar Agbogbloshie a birnin Accra ta yi ƙaurin suna a duniya kan wannan sana'a, kafin hukumomin Ghana su rushe wurin a 2021. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce yara da matasa fiye da miliyan 18 ne ke aiki a fannonin da ba na hukuma ba, waɗanda sarrafa shara ke cikinsu, ta kuma danganta gubar sharar lantarki da matsalolin numfashi da haihuwar bakwaini da tauyewar ƙwaƙwalwar yara.

Mutanen Arewa sun san illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a Jihar Zamfara. A can daga niƙan duwatsun zinare ta fito, amma dalmar iri ɗaya ce da wadda ke cike da batirin mota da kuma manyan baturan sola da suka yawaita a gidaje da shaguna. Duk inda aka fasa irin wannan batir a fili, aka zubar da ruwansa a ƙasa, an buɗe wa gubar ƙofa.

Abin da doka ta ce

Najeriya ta koyi darasi tun 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Gwamnatin soja ta lokacin ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. A 1989 ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Basel kan jigilar shara mai haɗari, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli. A 2011 aka fitar da ƙa'idojin ɓangaren kayan lantarki, waɗanda suka hana shigo da kayan da ba sa aiki, suka kuma ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin karɓar kayansu idan sun mutu.

Matsalar tana wajen bambance kayan hannu da shara. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Mafi yawansu an cusa su ne a cikin motocin hannu da ake kawowa daga Turai.

Tarayyar Turai ta ɗauki matakai da tasirinsu zai iso kasuwanninmu, tun da kamfanoni ba sa son ƙera waya iri biyu. Daga 28 ga Disamban 2024, wajibi ne duk sabuwar wayar da za a sayar a can ta yi amfani da bakin caji na USB-C, abin da ya sa Apple ya koma kansa tun daga iPhone 15. Daga Yunin 2025 kuma dole batirin waya ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji sau 800, a kuma ci gaba da samar da kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin.

Abin da ke hannun mai waya

Mafi yawan hayaƙin da waya ke jawo wa duniya yana fita ne tun wajen haƙo ma'adinai da ƙera ta, kafin ta iso hannun mai saye. Don haka ƙara wa waya shekara ɗaya ko biyu shi ne babban taimakon da mutum zai yi wa muhalli, kuma shi ne mafi sauƙi ga aljihu a wannan lokaci na tsadar Dala.

A nisantar da waya daga rana, a guji yi mata caji a wuri mai zafi. Batir ya fi daɗewa idan ana barinsa tsakanin kashi 20 zuwa 80, kuma wayoyi da dama suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80. Idan batir ya gaji, sauya shi ya fi sauya waya arha nesa ba kusa ba. Idan ya kumbura kuwa, a daina amfani da shi nan take, kada a huda shi ko a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin yana iya kamawa da wuta.

Kafin a sayar da waya ko a ba da ita kyauta, a cire layi da katin ajiya, a fita daga asusun imel da na banki da WhatsApp, sannan a goge ta gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani. Layin da ke haɗe da lambar ɗan ƙasa da asusun banki mabuɗin dukiya ne, kuma hotuna da takardun ofis da suka rage a tsohuwar waya suna iya faɗawa hannun wanda ba a so.

Batirin sola ko na mota da ya mutu, a mayar da shi ga dillalin da ke karɓa a musanya, kada a bari a fasa shi a cikin unguwa. Wayar da ba ta gyaruwa kuma, a kai wa mai gyara ya ci moriyar kayan cikinta.

Ga 'yan kasuwar waya da ƙungiyoyinsu akwai dama a nan. Kasuwar da ke sayar da dubban wayoyi a mako tana iya ware wurin karɓar matattu, ta haɗa kai da kamfanonin sarrafa shara masu rajista da hukuma. Ma'aikatun gwamnati da ke gwanjon tsofaffin kwamfutoci su ma ya kamata su riƙa goge bayanan ciki, su kuma san hannun da kayan za su faɗa.

Kafin mai karatu ya nufi kasuwa neman sabuwar waya, ya dace ya fara buɗe durowar nan. Wataƙila ɗaya daga cikin wayoyin da ke kwance a ciki sabon batir kawai take jira.