Maƙeran tagulla na Swamimalai: sana'ar da ta haɗa Indiya da Binin

Duk wanda ya taɓa bi ta titin Igun a Binin ya ga yadda ake zuba tagulla. To, irin wannan aikin ne ake yi a wani ƙaramin gari mai suna Swamimalai, a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, kuma gado ne tun zamanin sarakunan Chola, wajen shekara 1,000 ke nan.

Maƙeri yana fara gina siffar ne da kakin zuma da aka kwaɓa da ƙaro. Ba da ka ake yi ba, awo ne: tsawon fuska shi ne ma'aunin da ake auna sauran jiki da shi. Sai a lulluɓe da yumɓun kogin Kaveri, a shanya, a gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa, a zuba narkakkiyar tagulla a ciki. In ta huce sai a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun guda biyu iri ɗaya sak, kuma in zubi ya ɓaci, aikin watanni ya tafi ke nan.

Mafi yawa gumakan Hindu ne, mu dai ba hanyarmu ba ce, sana'ar nake magana. Wanda aka fi sani shi ne Nataraja, wato Shiba yana rawa cikin da'irar wuta, ƙafa ɗaya a sama. A 2023, lokacin taron G20, maƙeran garin suka zuba wani mai tsayin kusan mita 8 da nauyin tan 18, aka kafa shi a Delhi. Ni kuwa, ɗan mai fataucin shanu, bijimin nan Nandi ya fi ɗaukar hankalina: tozonsa da leɓensa sak na shanunmu.

Ga mai ibada, aikin bai kammala ba sai an "buɗe ido", shi ne sassaƙa na ƙarshe, da addu'o'insu. Kafin nan ƙarfe ne kawai.

Su ma ɓarayi ba su bar su ba. Kamar yadda Turawan Ingila suka kwashe na Binin a 1897, an sace tsofaffin gumaka daga wuraren bautar ƙauyuka. A 2014 Ostireliya ta mayar wa Indiya da wani Nataraja da gidan tarihinta ya saya kan dala miliyan 5 da wani abu.