Rigar amarya ta waya: a taɓa kafin a biya

Kaka ta yi, an cika rumbuna, bukukuwa kuwa sun kunno kai a Dakoro da ƙauyukan kewaye. A irin wannan lokaci ne ake yawan ɗaga hannu a wurin taro ana neman rance daga asusu, kuma sau da yawa dalilin ɗaya ne: kayan amarya. Shi ya sa na ga ya kamata mu yi maganar wata sabuwar hanyar sayayya da ta shigo mana ta cikin waya.

Bara aka yi bikin ɗiyar yayata. Yarinya ta ga wata doguwar riga a WhatsApp, fara sol, duwatsu sai walƙiya suke, ta kafe ita dai wannan take so. Uwar ta ɗauki rancen jikka 60 a ƙungiyarsu, ta tura wa mai kayan gaba ɗaya, ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Aka yi alkawarin sati biyu, sai ga shi an yi biyar. Saura kwana uku ɗaurin aure direba ya kawo ƙunshi daga Maraɗi. Da muka kwance, wallahi sai muka yi tsit. Farin ya koma ruwan toka, yadin shara-shara ba shafi, hannu ya tsaya a gwiwar hannu, duwatsun kuwa da gam aka liƙa su, suna zuba tun a leda. Muka kira, lamba ba ta shiga. Telan unguwa ne ya kwana biyu a kan keke ya ɗinka mata shadda, aka fita kunya. Rigar waya tana nan a ƙasan akwati, ita kuwa yayata wata huɗu ta yi tana soya ƙosai tana biyan bashin abin da ba a sa ba.

Ban ce duk mai sayar da kaya a waya macuciya ce ba. Akwai masu amana da yawa, har cikinmu akwai masu saro kaya su tallata a waya, suna rufa wa kansu asiri. Sai dai hoto ba ya faɗin nauyin yadi, ba ya faɗin laushinsa, kuma hasken waya yana sauya launi. Wani hoton ma ba na rigar ba ne, na wata mai tsada ne aka ɗauko, sannan a ɗinka mai kama da ita da yadi mai arha.

To, yaya ake gane yadi? Iyayenmu da hannu suke ganewa, kuma dabararsu ba ta tsufa ba. Ki zare zare ɗaya a bakin yadin ki kunna masa ashana. In auduga ce, zai ci kamar takarda ya bar toka mai laushi. In roba ce, zai narke ya dunƙule ya yi tauri, da warin leda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, amarya kuma za ta yini a lulluɓe cikin ɗaki cike da mata. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a gefe. In ya ɗauko launi, to zai zuba a wankin farko.

Atamfa mai kyau, gabanta da bayanta kusan ɗaya ne. Ta Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, tana da suna da lambar zane a bakinta, amma masu jabu ma sun iya buga suna, don haka kar rubutu kaɗai ya ruɗe ki. Haka shaddar Getzner, daga ƙasar Ostiriya take zuwa, kuɗinta sananne ne. Wadda ta ce za ta ba ki ita a kuɗin ta Sin, ki san da walaki. Kayan Sin ba laifi ba ne in an faɗa miki gaskiya kin biya daidai kuɗinsu. Laifin shi ne ki biya kuɗin doki a kawo miki jaki.

Sai maganar awo. A Kantin Kwari na Kano da yadi ake yanka, a nan kuma wasu da mita. Yadi ɗaya santimita 91 ne, mita kuwa 100. Turmi mai yadi 6 bai kai mita 5 da rabi cif ba. Ki tambayi telanki nawa ɗinkin zai ci kafin ki yi oda. In kuma ɗinkakkiya ce, kar ki dogara da harafin da ke wuyan riga, don kowace ƙasa da nata awo. Tela ya auna ƙirji, ƙugu, kwankwaso, hannu da tsawo, a rubuta da santimita a tura.

In dai har sai an saya ta waya, ga abin da zai rage asara. Ki nemi a kira ki ta bidiyo da rana, a waje, a ɗaga rigar, a juya cikinta ki ga shafi da ɗinki. Ki ba da kafin alƙalami kawai, ragowar sai kaya sun iso. In da hali, wata ƴar'uwa a Maraɗi ko Kano ta je ta taɓa da hannunta. A yanke magana tun farko: da naira ne ko da sefa, a wane canji, wa zai biya mota da duwan. Ki ajiye takardar turin kuɗi da saƙonnin murya. Kuma a yi oda saura wata biyu, don hanya ba ta da tabbas. Ba mu manta yadda aka rufe iyakar Najeriya a 2023 ba, kayan mutane suka maƙale wata da watanni.

Akwai ma hanyar da ta fi. Tsakaninmu da Maraɗi kilomita 120 ne ko kusa da haka. In mata uku ko huɗu na ƙungiya ɗaya suna da biki a kaka guda, a haɗa kuɗin mota a tura mutum biyu masu ido babbar kasuwa, su sayo a sari, anko da kayan akwati duka. Farashi ya sauko, ɗinki kuma ya tsaya a hannun telolinmu, inda za a gwada, a rage, a ƙara.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi tare da CARE, abin da ya riƙe tsarin shi ne kuɗi su fita su dawo. Rancen da aka sayi akuya ko buhun wake da shi, shi ke biyan kansa. Rancen riga kuwa daga tukunyar gida ake biyan sa. Don haka kafin ki ɗaga hannu, ki tambayi kanki: bayan biki, ɗiyata za ta sa wannan ta je suna? Za ta yi salla da ita? In amsar a'a ce, ki nemi aro ko haya na yini ɗaya, kuɗin ki zuba su a yadin da zai yi mata shekaru.

A taron wannan sati, kafin a buɗe akwati, a ɗan tattauna: su wa ke da biki bana, kuma wa za a aika Maraɗi? Allah ya ba amarenmu zaman lafiya, ya sa albarka a zubinmu.