Raunin Tairod da Magungunan Gargajiyar Indiya: A Yi Hattara

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tairod. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki, don haka idan ta yi rauni komai sai ya ja baya. Kasala ta addabi mutum ko da ya sha barci, ya riƙa jin sanyi ana tsakiyar zafi, fata ta bushe, gashi ya yi ta zubewa, bayan gida ya yi tauri, ƙiba ta zo ba a ƙara ci ba. Mata sun fi fama da shi, al'adarsu ma kan rikice. Sau tari sai a ce shawara ce ko sammu, alhali gwajin jini na TSH kan warware zancen.

Maganin asibiti shi ne ƙwayar levothyroxine, wadda ke cike gurbin sinadarin da jiki ya kasa samarwa. Yawanci shan ta na har abada ne, kuma nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa. Sai a ji wani yana tallar Ayurveda, tsohon tsarin maganin gargajiya na Indiya, wai ashwagandha ko kanchanar guggulu za su tumɓuke ciwon daga tushe.

To, ina hujja? An wallafa wani gwaji da aka yi a Indiya a 2018, inda aka ga ashwagandha ta ɗan gyara sakamakon jini. Amma mutum 50 ne kacal, na mako 8, kuma masu ciwon da bai kai ga tsananta ba. Wannan bai isa a ce wa mara lafiya ya ajiye ƙwayarsa ba. An kuma samu waɗanda ashwagandha ta taɓa musu hanta, da waɗanda ta zuga musu tairod har bugun zuciya ya wuce kima. Ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarafa. A wani reshe na Ayurveda da gangan ake haɗa magani da tokar ƙarfe. Binciken da aka yi a birnin Boston na Amurka a 2004 ya gano dalma ko zaiba ko asenik a kashi ɗaya cikin biyar na magungunan da aka auna. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san abin da dalma ke yi.

Wanda ya daina shan ƙwayarsa ba ya ganin illa nan take, domin sinadarin kan ɗauki makonni kafin ya ƙare a jiki. Sai ya zaci maganin Indiya ne ke aiki, alhali ciwon yana dawowa a ɓoye. Ga mai juna biyu kuwa abin ya fi muni, don yana jawo ɓari, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar jariri.

Ita ƙwayar da safe ake shan ta da ruwa zalla, rabin awa zuwa awa guda kafin karin kumallo, a kuma bar tazarar awa huɗu tsakaninta da maganin ƙarin jini. Wanda ya riga ya fara shan na Indiya, ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita ya gani, a sake auna masa jini.