Shirin da Aka Kulle Shekara 52

Ranar 1 ga Mayu, 1964, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna wani kashi na shirin The Twilight Zone mai suna The Encounter. Mutum biyu ne kawai a ciki, a ɗakin tarkace na saman gida: tsohon soja Fenton, da wani saurayi ɗan asalin Japan haifaffen Amurka, Arthur Takamori, wanda ya zo neman aikin gyaran ciyawa. A cikin tarkacen akwai takobin da Fenton ya ƙwato daga hafsan Japan da ya kashe bayan mutumin ya miƙa wuya. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, giya ta fara aiki, kowa ya shiga amayar da abin da ke cinsa.

A nan marubucin ya ɗora wa saurayin wata magana mai nauyi: wai mahaifinsa maci amana ne, shi ya yi wa jiragen Japan ishara ranar harin Pearl Harbor a 1941. Daga ƙarshe Fenton ya mutu a kan takobin, saurayin ya faɗa ta taga.

Amurkawa 'yan asalin Japan suka yi ca da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Ba a taɓa samun ko mutum ɗaya daga cikinsu da laifin taimaka wa wancan hari ba. Amma irin wannan zargi ne ya sa a 1942, da umarnin Shugaba Roosevelt mai lamba 9066, aka kwashe kusan mutum 120,000 aka tsare a sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasa. Ga shi shekara 22 bayan haka, ana shigo musu da ƙazafin har cikin falo da sunan nishaɗi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya fito a matsayin saurayin: George Takei. Yana ɗan shekara biyar sojoji suka buga ƙofar gidansu a Los Angeles da bindigogi. Aka fara ajiye iyalinsu a ɗakin doki na filin sukuwa na Santa Anita, cikin warin kashin dawaki, sannan Rohwer a jihar Akansas, sannan Tule Lake a Kalifoniya. Ƙaryar da ta kai shi bayan shingen waya yana yaro, ita aka sa masa a baki yana matashi mai neman abin yi.

Bayan ƙorafin, aka cire The Encounter daga jerin waɗanda ake maimaitawa a tashoshin Amurka. A 1966 Takei ya zama Sulu, matuƙin kumbo a shirin Star Trek, mutum mai aiki da mutunci, ba mai kaya a ka na laifin kowa ba. A 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta amince za ta biya dala 20,000 ga kowane wanda aka tsare da ke raye. The Encounter kuwa bai sake fitowa a talabijin ɗin Amurka ba sai Janairun 2016, a tashar Syfy.