Wankin Ƙoda: Awa 12 A Madadin Awa 168

Sau uku a mako, awa huɗu a kowane zuwa. Wannan shi ne jadawalin mai wankin ƙoda, kuma babu hutun ƙarshen zango a cikinsa, balle na Sallah. Idan muka haɗa lissafi, awa 12 ke nan a mako. Ita kuwa ƙodar mai lafiya ba ta ɗaga ƙafa ko na daƙiƙa ɗaya a cikin awa 168 da ke mako. Daga wannan tazara ne akasarin wahalar masu ciwon ke fitowa.

Waɗanda suka kai darasin ƙoda a aji sun san kowa na da guda biyu, kowacce kamar girman dunƙulen hannu, a kwiɓi ta wajen baya. A cikin kowacce akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A rana guda suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar wa jiki kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu a matsayin fitsari. Abin da ba kasafai muke riƙewa ba shi ne sauran ayyukanta: tana daidaita bugun jini da gishirin jiki, tana kula da ƙarfin ƙashi, kuma ita ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda ke yin fari fat, ya riƙa haki.

Ƙoda kan gaza ta hanya biyu, kuma bambancin na da muhimmanci, domin mutane da yawa na jin an ce "wanki" sai su fara kuka kamar an yi rasuwa. Akwai gazawar farat ɗaya, wadda zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko amai da gudawa, ko zubar jini wajen haihuwa ke kawowa. Irin wannan, idan an kai asibiti da wuri, sau da yawa wanki 'yan kaɗan ne ake yi ƙodar ta farfaɗo, mutum ya koma harkarsa. Ɗayar ita ce mai cin ƙoda a hankali cikin shekaru, wadda likitoci suka kasa mataki biyar. A mataki na biyar, aikin ƙodar ya faɗi ƙasa da kusan kashi 15 cikin 100, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Shi injin, aikinsa tacewa ne. Jini na fita ta wani siririn bututu, ya bi ta cikin matata mai dubban zarurruka masu rami, wani ruwa na musamman yana gudana a bayansu yana janye datti da ruwan da ya yi yawa, sannan jinin ya koma jiki ta wani bututun. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya fara haɗa irinsa a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da ledar da ake ɗura niƙaƙƙen nama a ciki, ya nannaɗe ta a jikin gangar katako. Marasa lafiyarsa na farko ba su rayu ba. Sai a 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta tashi, kuma tata gazawar ta farat ɗaya ce.

Wanda zai daɗe yana wanki ana yi masa ƙaramar tiyata a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayarwa, domin ta yi kauri ta jure allura. Likitoci na kiranta fistula, kuma ba ta da alaƙa da yoyon fitsari duk da sunan ya zo ɗaya a Turance. Takan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta nuna. Wannan hannun ba a ɗibar jini a cikinsa, ba a auna hawan jini a kansa, ba a ɗaura masa matsattsen agogo. Idan akwai mai irin wannan hannu a ajinku, a daina wasan murɗe-murɗe da shi.

Tsakanin wanki da wanki kuwa, duk abin da ya shiga ciki yana nan yana jira. Ruwan sha sai an auna, ko da a zafin watan Afrilu. Gishiri da dunƙulen miya sai kaɗan. Ayaba, lemu, tumatir, dankali da dabino, waɗanda muke kai wa mara lafiya a leda da kyakkyawar niyya, suna ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya. Don haka a tambayi likita kafin a kai tsarabar dubiya.

Sai batun kuɗi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta daga Naira 50,000 zuwa 12,000. Sauƙi ne babba, amma mu sake ɗaukar alli: sau 12 a wata, Naira 144,000 ke nan, ga mafi ƙarancin albashi na 70,000, ba a sa kuɗin mota da allurar ƙarin jini ba. Dalilin ke nan da wasu ke zuwa sau ɗaya a mako, wasu sai numfashi ya gagara. A ganinmu, duk shirin da ya tsaya kan sayen injuna bai sa gwaji a makarantu da ƙananan asibitoci ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen kashe ƙoda, amma mu matasa muna da namu ƙofofin. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da ake watsawa baki bayan ƙwallo ko aikin ƙarfi, kullum, ba da umarnin likita ba. Mayukan bilicin masu sinadarin makuri. Jiƙe-jiƙen gora da ba a san abin da aka zuba ba. Tsargiya da aka ƙyale shekara da shekaru. Masu sikila su ma sai an riƙa duba su. A yankin Gashuwa da ke Jihar Yobe, yawan masu ciwon ya sa masana sun duƙufa binciken dalili.

Ciwon ba ya sallama. Kafin a ga kumburin fuska da safe, ko na ƙafa, ko fitsari mai kumfa, ko tashin zuciya, galibi ya yi nisa. Abubuwa uku ke kama shi da wuri: awon hawan jini, gwajin fitsari don neman furotin, da gwajin jini na kiriyatinin. Idan an gano da wuri, magani da gyaran cima na iya jinkirta wanki na shekaru.

Hanyar fita daga injin ita ce dashe. An fara samun nasararsa a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin wasu tagwaye, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Mai bayarwa na iya rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya bayan an tantance shi, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta haramta sayar da ita. Wanda aka dasa wa zai riƙa shan maganin hana jiki ƙin baƙuwar ƙodar kullum, muddin tana jikinsa.