Kada muryar magabatanmu ta mutu cikin kaset

Darasinmu na yau a kan tsofaffin kaset ne, waɗanda ke ajiye cikin adaka ko ƙarƙashin gado a gidajenmu.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekara ta 1963. Da ya iso ƙasarmu, sai ya zama wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Ɗan ci-rani a Abijan, ko Ikko, ko Libiya, yana ɗaukar muryarsa, ya ba direba ya kai ma iyayensa a Tawa ko Maraɗi. Su ma su ɗauki tasu su mayar masa. An ɗauki kiɗan biki, da wa'azin malamai, da tsohuwa tana tatsuniya, da tsoho yana lissafa kakanninsa ko yana faɗin iyakar gona. Da yawa cikin masu maganar nan sun riga mu gidan gaskiya, kuma muryarsu ba ta ko'ina sai cikin wannan ɗan zare. In zaren ya lalace, ta tafi ke nan.

Abin da ke ɓata kaset

Zaren kaset leda ce siririya, an shafa mata garin ƙarfe mai laushi. A jikin garin nan murya take kwance. Abubuwa huɗu ne ke cutarsa. Na farko zafi: kaset da ya yi bazara cikin ɗakin kwano yana lanƙwashewa, zaren ya miƙe, murya ta riƙa rawa. Na biyu laimar damina, wadda ke kawo fumfuna ta manne zaren. Na uku ƙurar hunturu, tana karce shi. Na huɗu maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, shi kuwa yana iya shafe muryar. Akwai shi cikin kowace lasifika, don haka ba a ɗora kaset a kanta.

Ga kuma wata matsala. Radiyo mai kaset yana ƙaranci a kasuwa, masu gyaransa ma suna raguwa. Saboda haka aikin na bana ne, kada a bar shi sai baɗi.

Kafin ku kunna

Ku fara duba kaset ɗin da ido. In kun ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce. Kada ku kunna shi, kada ku wanke shi da ruwa, kada ku shanya shi a rana. Ku ware shi daban, ku kai ma wanda ya san aikin.

A saman kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba. Ku ɓalle su. In an ɓalle su, ko yaro ya danna jan maɓalli, radiyo ba zai ɗauki wata murya a kan ta kakanku ba.

In zaren ya saki, ku sa bik cikin ramin, ku juya a hankali har ya ɗame. Ku duba ɗan soso da ke bayan zaren a tsakiya. In ya faɗi, murya ba ta fita sosai, sai an maida wani.

Radiyon ma yana son shiri. Ku jiƙa auduga kaɗan da alkol na farmasi, ku goge ɗan ƙarfen nan mai santsi da zare ke bi ta kansa, da ƴar tayar roba da ke kusa da shi. Ku bari su bushe. Ku sa sabon pil, don pil mai rauni yana sa murya ta yi nauyi. Sa'an nan ku gwada da wani kaset da ba ku damu da shi ba. In radiyon yana cin zare, gara ya ci wancan.

In zare ya tsinke

Kada a ƙulla shi kamar igiya. A yanke bakin biyu da reza su daidaita, a haɗa su baki da baki, a liƙa ɗan siririn skoc ta baya, wato gefen da ba ya taɓa ƙarfen radiyo. Skoc na kanti yana zubar da danƙo in ya daɗe, saboda haka a kwafe muryar nan da nan. In gidan kaset ne ya fashe, a kwance kusoshinsa, a ɗauke zaren a hankali a sa shi cikin wani gida mai lafiya.

Kwafe murya

Gyara ba ya maida tsohon zare sabo. Abin da ke ceton murya shi ne a kwafe ta. Hanya mafi kyau ita ce a haɗa radiyo da kwamfuta da waya, ta ramin da ake sa abin saurare na kunne. Ku tambayi ma'aikatan radiyon karkara na kusa da ku, ko wani ɗanku da ya san kwamfuta. In babu, ku jira dare ya yi shiru, ku rufe ɗaki, ku aje salula kusa da lasifika ta ɗauka. Ku fara ɗauka tun kunnawar farko, don wani zaren ba ya jure ta biyu. Aikin yana son haƙuri. Kaset mai lamba 60 minti 30 ne kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45.

Ku yi kwafi uku, ku raba su gida uku. Ɗan katin nan na cikin salula, wanda ake ce ma memwar, yana ɓata, yana kuma mutuwa ba sallama. Kowace shekara a saurari kwafin, a tabbata yana nan. WhatsApp yana da kyau wajen aika ma dangi, amma yana rage kyan murya, don haka kada ya zama shi kaɗai ne ma'ajiyarku. Kuma kafin ku watsa, ku nemi yardar manyan gida, don wata wasiƙar sirrin iyali ce.

Kaset ɗin kansa kada a jefar. A sa shi cikin gidansa, a jera shi tsaye, a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa saboda gara da laima.

Ga inda karatunku zai yi aiki

Murya ba suna, bayan shekara 20 ba mai sanin ta wane ce. Ku zauna da tsofaffin da suka rage, ku kunna musu, su faɗa muku masu maganar. Ku ba kowane kaset lamba: 1, 2, 3. Cikin littafi ku rubuta lambar, da sunan mai magana, da garin, da shekarar, da abin da aka faɗa. In ba a tuna shekara ba, a rubuta abin da ya faru lokacin, kamar farin 1984.

Haka masana ke yi. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka aza tushenta a 1968 don tattara tarihin baka na Afirka. Hukumar UNESCO ma ta keɓe ranar 27 ga Oktoba don tuna ma duniya adana tsofaffin muryoyi da hotuna. Abin da suke yi ma ƙasashe, ku ma kuna iya yi ma gidanku. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin wannan mako: kowa ya binciko kaset ɗin gidansu, ya ƙirga su, ya rubuta adadin, ya kawo ma malaminsa a aji. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.