Disleksiya: Abin da Bincike ya Gano Game da Yaron da Karatu ke Yi wa Gardama

Disleksiya matsala ce ta koyon karatu da rubutu wadda tushenta yake cikin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautin magana. Yaron da ke ɗauke da ita idonsa garau, kunnensa garau, hankalinsa lafiya lau, an kuma sa shi makaranta tare da sa'o'insa, amma haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma yakan zame masa jan aiki. Masana suna ƙiyasta cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na yara suna da ita, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi. A ajin da ke da yara 60 ke nan ba za a rasa uku zuwa shida ba. A yawancin makarantu ba a san matsalar ba, sai a kira yaron daƙiƙi ko malalaci, a bi shi da bulala.

Likitocin Jamus ne suka fara rubutu a kanta. A 1877 Adolf Kussmaul ya bayyana manyan da suka iya karatu, sannan ciwon ƙwaƙwalwa ya raba su da shi alhali suna gani, ya kira abin makantar kalma. Rudolf Berlin, likitan ido a birnin Stuttgart, shi ya yaɗa sunan disleksiya a littafinsa na 1887. Batun yara kuwa ya fito ne a 1896, lokacin da wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda ya kasa karanta ƙananan kalmomi duk da shekarun da aka yi ana koya masa. Malamin yaron ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Kasancewar da yawa daga masu binciken farko likitocin ido ne ya sa aka daɗe ana ɗora laifin a kan gani. Samuel Orton na Amurka ya ƙara wa wannan zato ƙarfi a 1925 da ya mai da hankali kan yaran da ke juya haruffa. Har yau mutane da dama sun ɗauka disleksiya ita ce ganin rubutu a juye, kuma ba haka ba ne.

Ba za a fahimci matsalar ba sai an san cewa karatu da magana ba hanyarsu ɗaya ba. Yaro yana koyon magana ba tare da an zaunar da shi ba, domin an halicci ƙwaƙwalwa da shirin yin hakan. Rubutu kuwa ƙirƙira ce da ba ta wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, don haka sai ƙwaƙwalwa ta aro wani sashe nata ta horar da shi. A shekarar 2000 Laurent Cohen da Stanislas Dehaene na Faransa suka nuna wannan sashe a ƙasan ɓangaren hagu, ta wajen ƙeya, inda ake gane siffar rubutacciyar kalma kafin a miƙa ta ga sassan harshe. A 2010 Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Burazil da Fotugal, suka ga sashen yana amsa rubutu gwargwadon iya karatun mutum, har ga waɗanda suka koya bayan sun girma.

Nan ne ma asalin juya haruffa. Ƙwaƙwalwa ta saba da cewa buta buta ce, ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma. Sai yaro ya zo aji a ce masa b daban, d daban, alhali siffa ɗaya ce aka juya. Ɗan Bahaushe ma an ƙara masa da ɓ da ɗ. Kusan kowane mai koyo yakan rikita su har wajen shekara bakwai, saboda haka wannan kaɗai ba hujja ba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauti. Rubutun haruffa yana bukatar mai karatu ya san cewa kalmar da yake furtawa a dunƙule tana rarrabuwa zuwa gaɓoɓi, gaɓoɓin kuma zuwa ƙwayoyin sauti: "kaza" gaɓa biyu ce, sauti huɗu, in aka cire na farko sai ta koma "aza". Isabelle Liberman da abokan aikinta a cibiyar Haskins ta Amurka sun nuna a shekarun 1970 cewa raba gaɓa yana zo wa yara da wuri, amma raba ƙwayar sauti yana da wuya ƙwarai. A 1979 José Morais ya gwada manyan Fotugal da ba su yi karatu ba, suka kasa cire sautin farko daga kalma, yayin da takwarorinsu da suka shiga yaƙi da jahilci suka iya. Sai kuma aikin Lynette Bradley da Peter Bryant na Jami'ar Oxford a 1983: sun gwada yara kusan 400 'yan shekara huɗu da biyar, tun ba su fara karatu ba, suka tarar cewa waɗanda ba sa iya jin wace kalma ce ta fita daban a sauti su ne suka fi shan wahalar karatu bayan shekaru. Da aka horar da wasunsu kan sauti tare da haruffan da ke wakiltarsa, sai suka zarce waɗanda ba a horar ba. Mai disleksiya yana jin magana yana fahimtarta sarai, amma ƙwayoyin sautin ba sa fito masa daki-daki, shi ya sa harafi ba ya samun abin da zai maƙale a kai. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna raguwar aiki a sassan bayan ɓangaren hagu sa'ad da irin waɗannan yara ke karatu. Sai dai wannan matsakaicin sakamako ne na rukuni. Babu hoton asibiti da zai tabbatar da disleksiya ga yaro guda. Da gwajin karatu ake gane ta.

Gado yana da hannu sosai. Wani nazari na 2016 da Margaret Snowling da Monica Melby-Lervåg suka yi, inda suka tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na yaran da wani makusancinsu a gida ke da matsalar su ma sukan same ta. A 2022 an gano wurare 42 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ita, kowanne da ɗan tasirinsa kaɗan. Ba ta maza ce kaɗai ba. Sally Shaywitz ta nuna a 1990 cewa makarantu sun fi kai rahoton yara maza saboda su ke tayar da ƙura a aji, yarinya kuwa sai ta yi shiru a baya, ba wanda ya lura. Binciken da ya biyo baya ya samu maza sun ɗan fi yawa, amma matan ba kaɗan ba ne.

Harshen da ake karantawa yana sauya kamannin matsalar. A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa suka kwatanta masu disleksiya na Ingila da Faransa da Italiya. Raunin da ke ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu, saboda a rubutunsu harafi ba ya yawan sauya sauti. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na Italiya, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na zama suke fitowa iri ɗaya. A irin wannan rubutu matsalar takan bayyana ne a jinkiri: yaro yana fitar da kalmar daidai, amma da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. In ya shiga Turanci ko Faransanci, inda harafi ɗaya ke da sauti barkatai, sai abin ya fito fili. Ga kuma yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya, yana fama da babbaƙu da farfaru a wani rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Mai kaifin hadda zai iya biya shafi guda da ka yana bin layi da yatsa, a ɗauka karantawa yake yi. Hanyar ganewa ita ce a nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafin da bai taɓa biyawa ba.

Akwai hattara biyu. Ta farko, ba duk yaron da bai iya karatu ba ne yake da disleksiya. Rahoton Bankin Duniya da abokan hulɗarsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Wannan adadi na rashin koyarwa ne, da cunkoson aji, da fashin makaranta, da koyarwa cikin harshen da yaro ba ya ji. Kafin a ambaci disleksiya sai an duba ido da kunne, an kuma tabbatar an koya wa yaron haruffa da sautinsu yadda ya kamata. Ta biyu ita ce masu sayar da waraka. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke maganinta. Tabarau masu launi da motsa ido ma ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2009 cewa babu hujjar kimiyya da ke goyon bayansu. Duka kuwa ƙara dagula lamarin yake yi. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda yaron da karatu ya ba wuya yake guje masa, gudun kuma ya hana shi tara kalmomi, tazarar da ke tsakaninsa da sa'o'insa ta yi ta faɗi shekara bayan shekara.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne koyar da sauti da harafi a fili, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da maimaici mai yawa, ga yaro ɗaya ko 'yan ƙalilan. Kwamitin nazarin karatu na Amurka a 2000 da rahoton Jim Rose na Ingila a 2009 duk a nan suka tsaya. A 2001 Joseph Torgesen ya ba yara 60 masu tsananin matsalar darasi na awa 67 da rabi cikin mako takwas. Karatunsu ya gyaru ƙwarai ta fuskar daidaito, amma sauri bai kamo na sa'o'insu ba. Yaran sun riga sun kai shekara takwas zuwa goma, kuma wannan ne ya sa masana ke matsa wa a fara da wuri.

Alamun sukan bayyana tun kafin firamare: jinkirin fara magana, wahalar riƙe waƙoƙin yara, kasa faɗin sautin da sunansa ya fara da shi, mantuwar harafin da aka koya jiya. Babba ma yana amfana da koyarwar sauti da harafi, sai dai tafiyar ta fi tsawo. Iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta gama aji ɗaya ba ta haɗa baƙi da wasali, musamman in akwai mai irin matsalar a dangi, su je su ga malamin aji a wannan zangon, kada su jira sai ta kai aji huɗu.